Farshid Mesghali da Ɗan Baƙin Kifinsa

Duk wanda ya ji labarin Ɗan Ƙaramin Baƙin Kifi, littafin yara da ya fito a Iran a 1968, sunan marubucin yake riƙewa: Samad Behrangi, malamin makarantar ƙauye da ya nutse a kogin Aras a wannan shekarar, yana ɗan shekara 29. Mutuwar ta ƙara wa littafin kwarjini, har masu adawa da mulkin Shah suka ɗauke shi tamkar kira ga tawaye. Wanda ya zana hotunan kuwa, Farshid Mesghali, sai a ambace shi a gurguje. A ganina an tauye masa haƙƙi.

An haifi Mesghali a Isfahan a 1940, ya karanci zane a Jami'ar Tehran, ya taɓa aiki da mujalla, sannan ya shiga Kanun, cibiyar da ke buga littattafai da shirya finafinai don yara. Abin mamakin shi ne, cibiyar nan tana ƙarƙashin kulawar Farah, matar Shah ɗin, amma daga cikinta littafin ya fito.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Wani ɗan kifi ne ya ƙi zama a rafin da aka haife shi, ya ce sai ya ga inda ruwan ya ƙare, manya suka yi masa caa, ya kama hanyar teku. Ni ma'aikacin rediyo ne, da murya nake neman abinci, kuma na gwada karanta shi a bayyane ba tare da hotunan ba. Wurare da dama sai ya koma wa'azi, kifin yana magana kamar mai jawabi a taron siyasa. Hotunan ne suke ceto shi. Mesghali bai yi wa kifin manyan idanu da murmushi irin na zanen Amurka ba. Baƙi ne wuluk, gefensa da kaushi, kamar an sassaƙa katako an dangwala tawada an buga a takarda. Yaro zai gano shi nan take a kowane shafi, ya kuma ga ƙanƙantarsa kusa da abin da ke son haɗiye shi. Tsoron da kifin ba ya furtawa da baki, a zanen ake ganinsa.

A 1974 aka ba shi kyautar Hans Christian Andersen ta zanen littattafan yara, shi ne ɗan Iran na farko da ya same ta, yana da shekara 34 kacal. Ya kuma yi finafinan zane masu motsi da fastocin sinima a Kanun.

Daga 1979 ya koma Faris ya duƙufa kan zanen fenti, daga baya ya zauna a Kalifoniya yana aikin zayyana da kwamfuta, kafin ya dawo gida. Abin da na gani na wannan zango a intanet gwaninta ce tsantsa, ban musa ba, amma bai kama ni kamar na farko ba. Ina zargin takurar ce ta yi masa rana a 1968: labarin wani ne, shafuka ƙidayayyu, mai kallo kuma yaro ne da zai ture littafin da zarar ya gundure shi.