Dokar Bin Bashi ta Amurka: Abin da Ta Gyara da Abin da Ta Bari

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Attajiri yana ci, talaka yana ci, har gwamnatocin ƙasashe ba su tsira ba. Saboda haka cin bashi ba abin kunya ba ne, biyansa kuwa tilas ne ga duk mai mutunci. Abin da ya daɗe yana damun masu shari'a shi ne hanyar da mai kuɗi zai bi ya karɓi haƙƙinsa ba tare da ya ci zarafin wanda yake bi ba. A ƙasar Amurka an yi wata doka musamman domin wannan al'amari cikin shekarar 1977. Ya kamata a dube ta da kyau, a auna alherinta da kasawarta, gama irin cutar da aka yi ta dominta ta riga ta iso waɗansu ƙasashe, har da Nijeriya.

Asalin Sana'ar

A zamanin da, kurkuku Turawa suke kai wanda ya kasa biya. Cikin 1824 aka kulle mahaifin Charles Dickens, shahararren mawallafin nan na Ingila, a gidan yarin Marshalsea da ke birnin Landan, saboda bashin fam 40 da sule 10 da wani mai gashin burodi ke binsa. Ya yi wajen wata uku a ciki, ɗan nasa kuwa, yana ɗan shekara 12, yana aikin lada a wurin da ake yin man goge takalma. Sannu a hankali mutane suka ga wautar abin, domin wanda ke ɗaure ba shi da hanyar neman abin da zai biya. Amurka ta hana ɗaurin bashi a kotunan tarayya cikin 1833, Ingila kuma ta rage shi ƙwarai da wata doka ta 1869.

Da hanyar kurkuku ta toshe, sai wata sana'a ta bunƙasa, watau ta kamfanonin karɓo bashi. Idan asibiti, ko banki, ko babban kanti suka gaji da bin mutum, sai su danƙa maganar ga irin wannan kamfani, shi kuma ya ɗauki la'adarsa daga abin da ya karɓo. Wani lokaci ma sayar masa da bashin suke yi ɗungum da araha. Hukumar kula da ciniki ta Amurka, wadda ake kira FTC, ta bincika wannan kasuwa, ta ba da rahoto cikin 2013 cewa galibi bashin dala 100 akan sayar da shi a kan wajen dala 4. Sau da yawa abin da mai saye ke samu jerin sunaye ne kurum da adadin kuɗi, ba tare da takardun asali ba.

Daga nan ne ɓarna ke shigowa. Mai kanti a gari yakan ji nauyin wanda yake bi, don ya san iyayensa, gobe kuma yana so ya dawo su yi ciniki. Amma kamfanin da ya sayi suna cikin jeri bai san mutumin ba, ba ya kuwa sa ran sake haɗuwa da shi. Ba shi da ikon kama kowa, ba shi da ikon ɗaukar kayan kowa sai da iznin kotu. Makamansa biyu ne, tsoro da kunya. An ce tsoro na daji, kunya na gida, amma wayar tarho ta ba shi damar kai su duka biyu har cikin ɗakin mutum da tsakar dare.

Abin da Dokar Ta Hana

Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar ran 20 ga Satumba, 1977, ta fara aiki cikin watan Maris na 1978. Ma'anar sunanta ita ce dokar bin bashi bisa adalci. Ba ta yafe wa kowa ko anini ba, wanda ya ci sai ya biya. Abin da ta yi shi ne ta shata wa mai karɓo bashi iyaka.

Ta hana shi buga waya kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan ƙarfe 9 na dare. Ta hana shi neman mutum a wurin aikinsa muddin ya san maigidan aikin bai yarda ba. Ta hana zagi da ashar, da barazanar duka, da yawan buga waya domin a gallaza wa mutum. Ta hana ƙarya kowace iri, kamar ya ce shi lauya ne ko ma'aikacin gwamnati alhali ba shi ba ne, ko ya ƙara a kan adadin kuɗin, ko ya ce za a kama mutum alhali ba hanyar yin haka. Daga baya wata hukuma mai suna CFPB ta ƙara waɗansu ƙa'idodi da suka fara aiki ran 30 ga Nuwamba, 2021. A cikinsu an ɗauka cewa wanda ya buga waya fiye da sau 7 cikin kwana 7 a kan bashi guda ya wuce gona da iri.

Mafi kyawun sashenta shi ne wanda ya hana tonon asiri. Mai karɓo bashi ba shi da iznin gaya wa maƙwabci, ko abokin aiki, ko ɗan'uwa cewa ana bin wane kuɗi. Yana iya tambayarsu inda mutumin yake zaune, amma ba zai ambaci bashi ba. Miji ko mata, da lauyan mutum, suna cikin 'yan kaɗan ɗin da dokar ta yarda a yi maganar da su. Ta kuma hana buga sunayen waɗanda suka kasa biya a baza wa jama'a. A nan waɗanda suka tsara dokar sun nuna basira, gama sun gane cewa wanda aka tsorata da kunya yakan biya abin da ba a binsa, ko ya ci sabon bashi mai kuɗin ruwa domin ya rufe tsohon. Ta raba kuɗin mutum da mutuncinsa, ta ce ana bin na farko, na biyu kuwa ba jingina ba ne.

Ƙarfin Takarda

Bayan hani, dokar ta ba wanda ake bi waɗansu haƙƙoƙi, kusan dukkansu kuwa a kan takarda suke tafiya. Cikin kwana 5 da fara magana da mutum, tilas kamfani ya aiko masa da takarda mai nuna adadin kuɗin da sunan wanda ke binsa. Daga ranar da ya karɓa yana da kwana 30 ya rubuta cewa bai yarda ba. In ya rubuta, tilas kamfanin ya dakata har sai ya aiko da shaida. Har wa yau, in mutum ya rubuta cewa kada a ƙara damunsa, tilas a daina, sai dai a sanar da shi matakin da za a ɗauka. Wannan wasiƙa ba ta kashe bashin, mai kuɗi yana iya kai ƙara, amma tana kashe fitinar waya. In kuwa kamfani ya karya doka, mutum yana da shekara guda ya kai shi kotu, a biya shi asarar da ya yi, da ladan lauyansa, da ƙarin kuɗi da ba su wuce dala 1,000 ba.

Inda Ta Gaza

Duk da wannan alheri, dokar tana da giɓi huɗu da ba su ɓoyuwa.

Na farko, ba ta hau kan kowa ba. An yi ta ne domin mai karɓo bashin wani. Kanti ko bankin da ya ba da rancen da kansa, in da sunansa yake bi, galibi ba ya cikinta, sai dai dokar jiharsa ta kama shi. Bashin kasuwanci ma ba ya ciki, sai na bukatun gida. Cikin 2017 Kotun Ƙoli ta Amurka, a shari'ar Henson da kamfanin Santander, ta yanke cewa wanda ya sayi bashi yana karɓa domin kansa ba a lissafa shi cikin masu karɓo na wani. Kamfanin da babbar sana'arsa ke nan bai fita ba, amma an buɗe wa waɗansu ƙofa. Wanda ake zagi kuwa, zafin zagin ɗaya ne ko daga bakin wa ya fito.

Na biyu, horon ya yi sauƙi. Dala 1,000 ɗin nan ba a ƙara ta ba tun 1977, alhali abin da take saye a wancan lokaci yau sai an ba da wajen dala 5,000. Kamfanin da ke bin dubban mutane yana iya lissafa ta cikin kuɗin gudanar da aiki, tun da ya san kaɗan ne za su kai ƙara.

Na uku, akwai tarkon tsohon bashi. A yawancin jihohin Amurka akwai wa'adin kai ƙara, galibi shekara 3 zuwa 6. In ya wuce, ƙa'idodin 2021 sun hana kai ƙara ko barazanar kai ta. Amma ba a hana roƙo ba, a waɗansu jihohi kuwa in mutum ya ba da ko dala 5 domin a ƙyale shi, wa'adin yakan koma sabo. Watau mai kirki da ya so ya nuna niyyar biya shi ne ke faɗawa rami, wanda bai kula ba ya wuce lafiya.

Na huɗu shi ne mafi girma. Dokar ta ɗora nauyin tsaron kai a wuyan wanda ake bi, shi da ya fi kowa rauni cikin maganar. Sai ya karanta takarda, ya fahimce ta, ya ba da amsa kafin kwanaki su ƙare. Da aka matsa wa kamfanoni ta wajen waya, da yawa suka koma kotu. Cibiyar bincike ta Pew ta ba da rahoto cikin 2020 cewa ƙararrakin bashi a kotunan jihohi sun tashi daga wajen miliyan 1.7 a 1993 zuwa wajen miliyan 4 a 2013. A wuraren da aka bincika, fiye da kashi 70 cikin 100 an yanke su ne a bayan idon wanda ake ƙara, don bai amsa sammaci ba. Da hukunci ya fito, ana iya yanke har kashi ɗaya cikin huɗu na albashin mutum, ko da kuwa kamfanin ba zai iya kawo shaida ba in da an tambaye shi. Dokar da aka yi domin mai rauni, ga shi ta fi amfanar mai ilmi da mai halin ɗaukar lauya.

Darasi ga Nijeriya

Wannan cuta ta shigo Nijeriya ta hanyar kamfanonin da ke ba da rance ta wayar hannu. Kafin a ba mutum kuɗi sai ya yarda manhajarsu ta leƙa lambobin mutanen da ke cikin wayarsa. In ya makara da biya, sai a aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙo, ana kiransa ɓarawo ko mazambaci. Wannan shi ne ainihin tonon asirin da Amurka ta hana tun 1977. Cikin watan Agusta na 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 a kan irin wannan laifi. Cikin Maris na 2022 hukumar kare masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin waɗansu kamfanonin a Ikko, daga baya ta sa tilas su yi rajista da ita. Cikin 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance leƙa lambobi da hotunan mutane, a shekarar ne kuma aka yi dokar tsare bayanan jama'a ta ƙasa.

Duk waɗannan matakai ne masu kyau. Amma abin da ya faru a Amurka ya nuna cewa hani kaɗai bai isa ba. Dokar da za ta yi amfani sai ta hau kan duk mai bin bashi, ko nasa ne ko na wani. Sai horonta ya yi nauyin da kamfani zai ji a jikinsa. Sai kuma alƙali ya nemi shaida daga mai ƙara ko da wanda ake ƙara bai zo ba.

Kafin a kai ga haka, wanda ake bi yana da abin yi. Kada ya biya kowa sai an nuna masa a rubuce nawa ne, na wane ne kuma. Ya karanta sharuɗɗa kafin ya sa hannu ko ya danna yarda. Ya adana rasit da kowane saƙo, ya rubuta rana da sa'ar da aka kira shi da abin da aka faɗa, domin da su zai kai kuka ga hukuma. In sammaci ya zo, ya je, gama kujerar da ba kowa ba ta kare kanta. In bashin gaskiya ne kuwa, ya nemi a tsara masa biya kaɗan kaɗan gwargwadon ƙarfinsa, a rubuta, ya cika alkawari. Musulmi sun san cewa aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, wadda ke cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana. Wanda ya iya karatu da rubutu ya riga ya sami babban rabo na kariyar da doka ke bayarwa, ya kamata kuma ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba.