Marinan Ƙofar Mata: Makarantar da Uba ke Buɗewa a Bakin Karofi

A marinar Ƙofar Mata ta Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, yawancin masu rini a hannun iyayensu maza suka koyi sana'ar. Yaro yakan fara da ɗebo ruwa da shanya zane, kafin a yarda ya kusanci rami.

Daga nan sai ilimi na gaske. Uba ne ke nuna masa yadda ake haɗa baba da toka da katsi cikin ruwa, a bar haɗin ya yi makonni yana tsima, ana motsa shi da muciya. Babu ma'auni a rubuce. Da kumfa da wari da launin saman ruwa ake gane ramin ya nuna, kuma wannan sai ido ya daɗe yana gani. Idan aka tsoma zane aka fiddo, kore-kore yake fitowa. Iska ce ke mai da shi shuɗi. Saboda haka marini ke tsomawa yana ɗagawa, sau da yawa, har launin ya kama. Yaron da ya yi garaje ya ɓata zanen mutane, uban ne zai biya, shi ya sa horon ke da tsanani.

Bayan rini sai mabuga su buga zanen a kan gungume har ya yi sheƙi.

Matafiyi Bature Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya yaba yadda rinannun tufafin birnin ke kaiwa har Timbuktu. Yau atamfar waje da rinin kanti sun rage ciniki, ramuka da dama sun bushe. Dattawan da suka ƙi tashi, suna ci gaba da zaunar da 'ya'yansu kusa da su, sun cancanci jinjina da kuma ciniki.