Hannun da ke farfaɗo da tsohon teburin kayan ado

A ƙarshen ƙarni na 19, masu hali a Faransa da Ingila sun yi yayin wani ɗan tebur da ake ajiyewa a gefen kujera. Samansa gilashi ne, gefunansa ma gilashi, murfinsa na ɗagawa, an shimfiɗa karan-miski a ciki. A nan ake jera zobba da sarƙoƙi da agogunan aljihu, ido ya gani, ƙura ba ta taɓa ba. Daga baya gidajen ƙawata ɗaki irin su Maison Jansen, wanda aka kafa a Faris a 1880, suka shahara da tebura na tagulla da gilashi. Da yawansu suna nan har yau, sun yi baƙi, ƙafa ta saki, gilashi ya tsage. Aikin mai gyaransu ya cancanci a tsaya a kalla.

Kafin ya taɓa komai, maganaɗisu yake fara ɗauka. Tagulla haɗin jan ƙarfe ne da tutiya, kuma maganaɗisu ba ya kama ta. In ya manna ya faɗi, galibi ƙarfen tagulla ne har ciki, zai jure guga. In kuwa ya kama, to baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufin tagulla, rufin da bai kai kaurin takarda ba, wanda guga mai ƙarfi zai cinye nan take. Wannan ɗan gwaji shi ke tsara duk aikin da zai biyo baya. Mai gaggawa ba ruwansa da shi: fentin feshi mai ruwan gwal zai sayo, ya bi teburin da shi, bayan 'yan watanni ya fara ɓarewa.

Sai kwancewa. Kowane noti yana komawa ramin da ya fito, don haka yake jera su bisa tsari, ya sa wa kowace ƙafa alama. Tsohon banish da aka shafa wa tagullar yana cire shi da asiton, wato sinadarin nan na goge jan farce. Inda haɗi ya rabu, sai ya kankare bakin biyu da magagari har su zauna da juna ba rata, ya shafa sinadarin da ke hana ƙarfe yin baƙi a wuta, ya ɗora ɗan guntun azurfar liƙi. Abin sha'awa a nan shi ne ba azurfar yake nufa da harshen wuta ba. Tagullar yake gasawa, domin narkakken liƙi zafi yake bi, ya kutsa cikin tsagar da kansa. Azurfar liƙi tana narkewa a sama da digiri 600, tagulla kuma a wajen 900. A wannan tsakanin yake aiki, kuma launin ƙarfen ne ma'auninsa. Da ya huce, sai ya auna firam ɗin daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu. In awon bai zo ɗaya ba, firam ya karkace, gilashi ba zai zauna ba.

Gilashin da bai fashe ba, ba ya canza shi, ko da yana da ɗan lanƙwasa ko kumfar iska a ciki, don wannan shaidar shekarunsa ce. Gilashi mai santsin da muka saba da shi ya yaɗu ne bayan 1959, lokacin da kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana dabarar zuba narkakken gilashi a kan narkakkiyar kuza. Wanda ya fashe kawai yake yankawa sabo. Abin yankan ɗan ƙaramin wili ne mai tauri a bakin sanda. Yana ɗiga masa kananzir, ya dafa rula, ya ja layi sau ɗaya tak, ba tsayawa, ba maimaitawa, kunnensa na bin sautin. Wilin ba ya raba gilashin, rauni kawai yake yi masa. Nan da nan sai ya sa layin a bakin tebur, ya danna, gilashin ya rabu tas. Yana rage kamar milimita 2 daga awon firam don kada ƙarfe ya matse shi, sannan ya kashe kaifin baki da dutsen wasa da ruwa. In so samu ne, yakan nemi gilashi mai ƙarancin sinadarin ƙarfe, domin na gama-gari yana da ɗan kore-kore da ke sauya launin zinariya.

Shimfiɗar ciki ma da iliminta. Ba ya sa ulu, saboda ulu yana fitar da farar wuta, ita kuwa tana baƙanta azurfa. Karan-miskin auduga yake zaɓa. A ƙarshe ya goge tagullar daidai gwargwado, ya bar ɗan duhu a lungunan zane don su fito, ya bi ta da siririn kaki na musamman irin wanda aka samar a gidan tarihi na British Museum a shekarun 1950.

In Allah ya sa ka gaji irin wannan tebur, ko ka tsince shi a wurin masu tsofaffin kaya, kada ka kai shi wurin mai fenti. Gwada shi da maganaɗisu tukuna, sannan ka nemi maƙerin da ya san tagulla.