Shirun Littattafai ba Shirun Jama'a ba ne: Nazari a kan Tarihin Siyasar Ƙasar Kazaure, 1918 zuwa 1939

Gabatarwa

Akwai wani ra'ayi da na daɗe ina cin karo da shi a rubuce-rubucen ɗalibai da ma na wasu manyan masana, wato cewa siyasa ba ta shigo wannan yanki namu ba sai da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Bisa wannan fahimta, shekarun da ke tsakanin Yaƙin Duniya na Ɗaya da na Biyu shekaru ne na barci a Kazaure da Roni da Gwiwa, da maƙwabciyarsu Babura wadda a lokacin take ƙarƙashin Masarautar Kano. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa ra'ayin ya samo asali ne daga irin littattafan da muka gada, ba daga halin da jama'a suka zauna a ciki ba.

Tarihin da ya tsaya a ƙofar fada

Littafin da aka fi dogara da shi shi ne na S. J. Hogben wanda ya fito a 1930, aka sabunta shi a 1966 tare da A. H. M. Kirk-Greene da sunan The Emirates of Northern Nigeria. Ba na raina wannan aiki, domin ya adana mana abubuwan da da sun salwanta. To amma duk wanda ya duba babin Kazaure zai ga ƙarfinsa yana kan kafuwar masarautar a hannun Ɗantunku, da gwagwarmayarsa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, da jerin sarakuna. Da zarar Turawa sun ci Kano a 1903, sai labari ya fara ƙanƙancewa. Mai karatu zai san cewa Muhammadu Tura ya yi sarauta daga 1914 zuwa 1922, Umaru Na'uka kuma daga 1922 zuwa 1941, amma manomin da ya biya harajin waɗannan shekaru ba shi da gurbi a ciki.

Dalili a fili yake. An rubuta irin waɗannan littattafai ne domin amfanin mulkin da ya jingina a kan sarakuna, kuma tushensu bayanan da Razdan da Di'o suka tattara daga fada. Wanda ya tambayi fada, amsar fada zai samu.

Tsoron Mahadi

Rukuni na biyu na rubuce-rubucen shi ne rahotannin tsaro. Tun bayan tawayen Satiru na 1906 Turawa ba su sake sakin jiki da malamai ba. A 1923 suka kama Malam Sa'idu ɗan Hayatu, jagoran Mahadiyya kuma ɗan zuriyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Dumbulwa ta ƙasar Fika, suka kai shi Buea a Kamaru, bai sami cikakken 'yanci ba sai a 1959. A 1927 aka buga rahoton G. J. F. Tomlinson da G. J. Lethem a kan abin da suka kira farfagandar siyasar Musulunci a Nijeriya, bayan Lethem ya bi sawun al'amarin har Sudan da Jidda da Masar. A wannan shekarar ce kuma aka kai hari a kan barikin Faransawa da ke Tasawa, a ƙasar Nijar.

Aibin wannan rahoto shi ne ya ɗauka duk wani motsi daga waje ake shigo da shi, ta hanyar alhazai da takardun gabas, kamar dai talakan ƙasar Hausa ba shi da abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Saboda haka idon Bature mutum biyu kawai yake gani: sarki mai biyayya da malami mai haɗari. Ƙasar da ba a kama wani Mahadi a cikinta ba, sai a rubuta lafiya lau, a rufe fayil. Mu kuma muka zo muka karanta wannan "lafiya lau" a matsayin tarihi.

Inda siyasar take

A ganina, siyasar wannan zamani tana wajen haraji da jangali da aikin dole. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama hanyar samun kuɗin haraji. An yi yunwa a 1927, sannan karayar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta rushe farashin gyaɗa, ga farin ɗango a shekarun 1930, alhali haraji da tsabar kuɗi ake biyansa. Hakimi da dagaci, waɗanda albashinsu ya koma Baitulmalin En'e, sun shiga tsaka-mai-wuya: in haraji bai cika ba rawani na iya faɗuwa, in an matsa wa jama'a gari ya watse.

A nan ne yanayin ƙasarmu yake da muhimmanci. Kazaure ƙaramar masarauta ce da Kano da Katsina da Daura suka kewaye, kuma daga Babura zuwa yankin Faransa ba wata tafiya ba ce mai nisa. Mutumin Roni ko Gwiwa da aka ƙuntata wa yana iya kwana a wata masarautar, haka ma Bafillacen da ya ji ana shirin ƙirgar shanu. Ƙaura, da ɓoye dukiya ranar ƙidaya, da kai ƙara, da habaicin mawaƙa, su ne makaman wanda ba shi da jam'iyya. Na tashi ina jin dattawa suna lissafin shekaru da shekarar fari da shekarar yunwa, ba da sunan wani Gwamna ba. Wannan ma hukunci ne a kan abin da suka ɗauka da muhimmanci.

Sai dai ina da ja da ɗaya ɓangaren, wato marubutan da suka mayar da kowane sarki karen farautar Bature, kowane talaka kuma ɗan juyin juya hali. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi da Turawa suka tuɓe ya rasu a Lakwaja a 1924, Sarkin Musulmi Muhammadu Tambari kuma ya bar gadon sarauta a 1931. Ashe rawani ma bai tsira ba. Haka nan ba duk mai ƙaura ne ɗan tawaye ba. Wani gona mai kyau yake nema.

Kammalawa

Jam'iyyun shekarun 1950 ba daga sama suka faɗo ba. Koke-koken da suka hau dandali da su, na haraji da aikin dole da kama-karya, tsofaffi ne, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda aka haifa a 1930 yau ya haura shekara casa'in, don haka shaidun gani da ido sun kusa ƙarewa. Ina kira ga ɗalibanmu da su koma ga fayilolin haraji na gundumomi da ke ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, da kundayen kotunan alƙalai, da takardun ajami da ke gidajen malamai, su gwama su da abin da ya rage a bakin dattawa. Allah ya sa mu dace.