Kowane Asiri da Makarinsa: Gwanintar Ƙaga Labarin Almara

Duk wanda ya buɗe Ruwan Bagaja ya san babu wani ruwa a ƙasar aljannu da ke warkar da cutar da ta gagari masu magani. Amma tun 1934 Hausawa ke bin Alhaji Imam gari-gari, suna ɗokin ganin ko zai samo shi. Sa mutum mai hankali ya damu da abin da ya tabbata bai faru ba, wannan ita ce gwanintar da nake jinjina wa. Da yawa suna ɗauka labarin almara ya fi kowane sauƙin rubutawa, tunda ba mai cewa a kawo shaida. Ni ina ganin ya fi labarin soyayya wuya. Marubucin soyayya ya tarar da duniyarsa a gine. Mai almara kuwa sai ya gina tasa, ya kafa mata doka, kuma shi ne na farkon da dokar za ta ɗaure.

Magabatanmu sun gane haka tun da wuri. A gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, 'yan'uwa biyu daga Kagara, Bello Kagara da ƙanensa Abubakar Imam, sun kawo labarai masu aljannu, kuma ba wanda ya fara da aljani a cikinsu. Ganɗoki na Bello Kagara ya soma ne da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, abin da dattawan lokacin suka gani da idonsu. Sai da mai karatu ya yarda da jarumin a ƙasar da ya sani, sa'an nan aka ɗauke shi zuwa gabas, cikin abubuwan al'ajabi. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ma daga Kwantagora ya tashi, kuma mafi yawansa damfara ce da ramuwa tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, a kasuwa da masauki da gaban alƙali. Kafin a kai ga aljannu, mun saba da muryar mai ba da labarin har ba mu iya juya masa baya. Wanda ya gaya maka gaskiya game da halin 'yan kasuwa da kwaɗayin fadawa, in ya ce ya ga aljani, za ka saurara.

Inda gwanintar ta fi burge ni shi ne wajen sa wa ƙarfi iyaka. Ɗauki Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a farkon shekarun 1950. Iliya gurgu ne tun yana yaro, sai baƙi suka zo suka warkar da shi, ya sami ƙarfin da ya wuce na mutane. Da marubucin ya tsaya nan, da labarin ya mutu a shafi na goma, domin jarumin da ba abin da zai iya kayar da shi ba ya sa gaban kowa faɗuwa. Amma tare da ƙarfin aka haɗa masa gargaɗi: akwai waɗanda bai kamata ya kara da su ba, cikinsu har da Wargaji. Daga wannan lokaci mai karatu yana ɗauke da fargaba guda a ransa, yana jiran ranar da za su haɗu. Gargaɗin nan ya fi doki Ƙwalele da takobi amfani ga labarin.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tunani. Mun taso muna jin cewa kowane asiri da makarinsa. Ɗan tauri yana da abin da aka hana shi, mai layar zana yana da sharaɗin da in ya karya zai bayyana a tsakiyar jama'a, boka ba ya ba da laƙani sai ya gindaya ƙa'ida. Ko a tatsuniya haka abin yake: Gizo yana da wayo, amma haɗama ce ke kai shi ƙasa, kuma in mai tatsuniya ta manta ta sa ya yi magana ba tsamin baki, yara ne za su fara gyara mata. To marubucin almara nagari wannan ilimi yake ɗauka ya mai da shi ginshiƙi. Kafin ya ba jaruminsa zoben tsafi, ya riga ya yanke me zoben zai iya, me ba zai iya ba, da abin da yake ci a jikin mai shi duk lokacin da ya murza. A Ingila ma a kan haka Tolkien ya gina babban littafinsa na 1954: zoben da ke ɓoye mutum daga idon jama'a shi ne kuma ke cinye zuciyarsa a hankali.

Abin da ke ɓata mini rai a wasu littattafan yaƙi na yanzu, waɗanda matasa ke rububi a waya da kasuwa, shi ne rashin wannan haƙuri. Basira akwai, wallahi, kuma akwai masu hasashen da ke ba ni mamaki. Sai dai za ka ga sadauki ya sare dakaru dubu da sara ɗaya a babi na biyu, a babi na tara kuma mutum uku sun ɗaure shi ba wani dalili. Ko a rutsa da jaruma a kurkuku, sai kwatsam a tuna tana da wata laya da ba a taɓa ambata ba. Mai karatu yana yafe aljani mai kai bakwai, amma ba ya yafe wa marubucin da ya karya dokar da ya kafa da hannunsa. Maganin abin ba shi da tsada: littafin ajiya guda, a rubuta dokokin tsafin, da sunayen birane, da zango nawa ke tsakaninsu a kan doki, da wanda ya san wane sirri. In an maƙale, a koma baya a dasa layar tun babi na farko.

Aro kuma ba laifi ba ne, in an iya. Asalin Iliya jarumin tatsuniyoyin Rasha ne, birnin Kib da Sarki Waldima suna nuna hanyar da ya biyo. Magana Jari Ce, da ya fara fitowa a 1937, ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da labaran Turai da na Indiya. Amma Abubakar Imam ya sa su a bakin aku, a fadar da ke da waziri da dogarai da kirari irin namu, ya kuma ba akun dalilin magana: yana jan Musa ɗan sarki da labari ne don ya hana shi fita cikin dare. Saboda haka kowane labari yana da aikin da yake yi, har ɗan makaranta ya karanta bai taɓa jin ƙanshin baƙunta ba.

Kai da ke shirin rubuta naka, sake karanta waɗannan littattafai da alƙalami a hannu, kana lura da inda aka kafa kowace doka da inda aka biya bashinta. Kuma kada ka miƙa wa jaruminka takobi sai ka san abin da zai karya shi.