Taura Biyu: Nazarin Allo na Biyu Daga Gidan Gem na Kpébié

Duk wanda ya taɓa zama a gidan gem a unguwar Kpébié ta Parakou ya san abin da ke faruwa idan wasa ya kai ga bugun fenariti. Samari biyu da tun ɗazu suke zaune kafaɗa da kafaɗa a benci ɗaya, sai ka ga kowanne ya ɗan juya wa ɗan'uwansa baya. Wannan ya cusa manet ƙarƙashin riga, wancan ya sauke tasa tsakanin gwiwoyi, 'yan kallo na baya suna ta leƙe, wani yana ɗaga murya: "Aboki, daina kallon hannuna!" Dalilin a bayyane yake. Mai bugu da babban yatsa yake zaɓar kusurwa, mai tsaron gida kuwa da zarar ya hango inda yatsan ya karkata, ya gama da shi. Talabijin ɗaya ce a gaban kowa, duk abin da ta nuna wa mutum ɗaya ta nuna wa ɗaki gaba ɗaya, don haka sirri ba shi da wurin ɓuya sai cikin riga.

Wannan riga ita ce ta sa na ɗauki maganar allo na biyu da muhimmanci. Fiye da shekara ashirin ke nan kamfanonin na'urorin wasa suna ƙoƙarin dasa ƙaramin allo a jikin abin da ɗan wasa ke riƙewa, wanda mu nan muke kira manet, 'yan'uwanmu na Najeriya kuma suke ce masa fad. Sun gwada sun bari, sun sake gwadawa sun sake bari. Shin akwai wani amfani na gaskiya a ciki, ko ado ne kawai na janyo mai saye? A ganina amfanin yana nan, amma guda ɗaya ne tak, kuma shi ne aikin da rigar nan ke yi.

Bahaushe ya daɗe da sanin wasa iri biyu. Akwai dara, wadda komai nata a fili yake: gurabe a ƙasa, 'ya'ya a gaban kowa, wanda ya fi hangen nesa shi ke ci. Akwai kuma kati, wanda daɗinsa duka yana cikin abin da ke hannunka wanda abokin wasanka bai gani ba. Na'urar wasa mai talabijin ɗaya dangin dara ce. Tana iya nuna maka filin ƙwallo da 'yan wasa ashirin da biyu, amma ba ta iya ba ka katin da za ka rufe a tafin hannu. Allo na biyu shi ke mayar da dara kati, kuma yawancin wasannin da suka yi suna da shi ta wannan ƙofa suka shigo.

Kamfanin Sega na Japan ne ya fara nuna haka a fili da na'urarsa Dreamcast, wadda ta fito a ƙarshen 1998 a Japan, ta isa Amurka da Turai a 1999. Abin ajiye wasa nata, mai suna VMU, yana da ɗan allo baƙi da fari, ɗigo 48 a kwance da 32 a tsaye, wanda in ka zura shi cikin manet yake leƙowa ta wata 'yar taga. A wasan ƙwallon Amurka na NFL 2K, mutum yana iya zaɓar dabarar da 'yan wasansa za su bi a kan wannan ɗan allo, wanda ke gefensa bai gani ba. Abin ƙarami ne, mai araha, kuma kowace manet tana da gurbinsa, don haka mutum huɗu kowa na iya riƙe sirrinsa. Har yau ban ga wanda ya fi wannan tsari dacewa da irin zamanmu ba. Sai dai Dreamcast ba ta yi tsawon rai ba. PlayStation 2 ta fito a 2000 ta cinye kasuwa, Sega ya daina ƙera na'urar a 2001.

Nintendo ya ɗauki maganar daga nan, ya haɗa GameCube da ƙaramar na'urar hannu Game Boy Advance ta hanyar waya. A wasan Pac-Man Vs. na 2003, mai riƙe da ƙaramar na'urar yana ganin fili gaba ɗaya, sauran ukun da ke farautarsa a talabijin kuma ɗan kewayen da suke tsaye kawai suke gani. Wasan ɓuya ne sak, irin wanda yara ke yi a dandali da farin wata. Matsalar ita ce kuɗi. Wasu wasannin na wannan tsari, kamar Four Swords Adventures na 2004, in mutum huɗu za su yi, sai an tara ƙananan na'urori huɗu da wayoyi huɗu ban da uwar na'urar. Gida nawa ne ke da wannan?

Babban gwajin shi ne Wii U, wadda ta fito a Nuwamban 2012. Nintendo ya jingina na'urar gaba ɗaya a kan manet ɗinta, GamePad, mai allon taɓawa na inci 6.2. Cikin wasannin Nintendo Land akwai wanda mai riƙe da GamePad yake zama fatalwa da ba a gani a talabijin, mutum huɗu kuma suna yawo da tocila suna nemansa. Wanda ya taɓa yin wannan wasa da jama'a ya san ba ƙarya ba ne, ɗaki kan cika da ihu da dariya. A FIFA 13 na wannan na'ura kuma, ana iya canza ɗan wasa ko sauya tsarin ƙungiya a kan allon hannu ba tare da an tsayar da wasa ba, har ma a ɗaga manet a saita bugun tazara da fenariti ta cikinta. Ga rigar Kpébié nan an mayar da ita na'ura.

To me ya hana ta karɓuwa? Wii da ta gabace ta an sayar da fiye da miliyan 101, ita kuwa Wii U a miliyan 13.56 ta tsaya kafin a daina ƙera ta a farkon 2017. An sha faɗin cewa sunan ya ruɗa mutane, da yawa sun zaci GamePad ƙari ne kawai ga tsohuwar Wii. Haka ne, amma akwai aibu biyu da suka fi wannan zurfi.

Na farko, GamePad ɗaya ce a kowace na'ura. Nintendo ya yi maganar za a iya haɗa biyu, amma ba a ga wasan da ya fito da hakan ba. Ke nan a wasan ƙwallo tsakanin mutum biyu, ɗaya yana da sirri, ɗayan hannunsa a fili. Babu saurayin da zai biya kuɗin wasa a gidan gem ya yarda da wannan. Adalci shi ne ginshiƙin wurin: manet iri ɗaya, minti iri ɗaya, wanda aka ci ya tashi ko ya biya. Ko maɓalli ɗaya ya ɗan sake a manet ɗin mutum sai an yi gardama an musanya a rabin lokaci, balle a ce ɗaya na da allo ɗayan babu.

Na biyu, kuma shi ya fi girma, ido. Mutum yana da ido biyu amma wuri ɗaya suke kallo. Taura biyu ba ta taunuwa. Wasan ƙwallo ba ya jira, daƙiƙa ɗaya da ka sunkuyar da kai ka duba allon hannu ta isa a zare maka ƙwallo a jefa a raga. Masu shirya wasanni sun rasa abin da za su sa a allon nan in mutum shi kaɗai yake wasa, sai suka dinga zuba masa taswira da jerin kaya, abubuwan da tun fil azal danna maɓalli ɗaya ke fito da su a talabijin. Wani lokaci an dace. A ZombiU na kamfanin Ubisoft, in ka sunkuya kana binciken jakarka a allon hannu, wasa bai tsaya ba, dodo na iya auko maka ta baya, sai raba hankalin ya zama shi ne tsoron da ake nema. A Super Mario Maker na 2015 kuma allon ya yi aikin takarda da alƙalami, kana zana filin wasa da hannunka. Amma Star Fox Zero na 2016, wanda ya tilasta wa mutum tuƙa jirgi a talabijin yana saita harbi a allon hannu, ya sha suka sosai saboda wahalar da yake ba ido. Shaida mafi ƙarfi daga Nintendo da kansa ta fito: da zai saki Breath of the Wild a 2017, sai ya cire taswirar da aka nuna tun farko a kan GamePad, masu shirya wasan kuma suka bayyana cewa kai-komon ido tsakanin allo biyu yana raba hankalin ɗan wasa. Wani zai ce ai Nintendo DS mai allo biyu ta sayu fiye da miliyan 154. Gaskiya ne, amma allunanta manne suke da juna, tazarar yatsa ce tsakaninsu, ba tazarar tafin hannu da bangon ɗaki ba.

Mu dawo gida. Mai gidan gem a Kpébié, ko a Zongon Parakou, ko a Djougou, ɗan kasuwa ne, jikan fataken da suka bi wannan hanya da goro daga Gwanja zuwa Kano, kuma lissafinsa a bayyane yake. Yana son na'urar da ke da ƙwallo, domin ƙwallo ce ke kawo kuɗi. Wii U kuwa FIFA ɗaya kacal ta samu, FIFA 14 bai zo mata ba, wasan ƙwallo na PES kuwa bai taɓa takawa kanta ba. Wannan kaɗai ya isa ya rufe mata ƙofa. Yana kuma son manet da za ta jure hannu goma a yini, da gumi, da ƙurar hunturu, da faɗuwa ƙasa in an ci mutum ya fusata. Manet ɗin PlayStation in ta lalace mai gyaran waya zai buɗe ta ya sauya roba, in ta mutu ga wasu nan jibge a kasuwa, na asali da na kwaikwayo. GamePad fa? Batirinta awa uku zuwa biyar yake yi, allonta in ya fashe an shiga uku, kuma a Turai da Amurka, inda yawancin kayan gwanjonmu ke fitowa, ba a sayar da ita ita kaɗai a kanti ba. Wanda ke lissafin kuɗin wuta da man janareta ba zai ɗauko wa kansa wannan ba.

Akwai kuma abin da lissafin kuɗi bai kama ba, wanda ni ya fi damuna. A gidan gem masu wasa biyu ne, masu kallo goma. Yaron da ba shi da ko dala a aljihu yana tsaye a baya yana cin rabonsa na nishaɗi kyauta, yana koyon yadda ake yanka da yadda ake tare hanya, yana ba da shawara ko ba a tambaye shi ba. Irin taron nan ne da aka yi a gaban talabijin ranar da Benin ta fitar da Maroko da bugun fenariti a gasar Afirka ta 2019 a Masar, ido ɗari a allo ɗaya, numfashi ɗaya. Duk abin da aka ɗauke daga talabijin aka mayar tafin hannun mutum ɗaya, daga rabon 'yan kallo aka yanke shi. Shi ya sa nake ganin allo na biyu, in har za a yi shi, ya zama ƙarami kamar na Dreamcast, ya riƙe sirrin daƙiƙa biyar, kusurwar fenariti ko canjin tsari, ya bar sauran wasan a bango inda kowa ke gani.

Wani amfani da aka yaba wa Wii U shi ne mutum na iya ci gaba da wasa a allon hannu in an karɓe talabijin. A gidajenmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin talabijin ta maigida ce lokacin labarai, ta iyaye mata ce lokacin fim, yaro sai abin da ya rage. Amma a nan allon ya daina zama na biyu, ya zama shi kaɗai. Nintendo ya gane haka, ya ɗauki wannan ɓangare kawai ya gina Switch a kansa a Maris na 2017, aka sayar da fiye da miliyan 150. PlayStation Portal da Sony ya fitar a 2023 shi ma wannan layi ya bi, ga shi kuma ya dogara da intanet mai ƙarfi da ba ya yankewa. A wurinmu tuni wayar Tecno da Itel da Infinix suka tare wannan gurbi, da Free Fire da eFootball da lido a cikinsu.

Wayar nan kuwa ita ce allo na biyu da kowa ya riga ya saya da kuɗinsa. Microsoft ya gwada haɗa ta da Xbox ta manhajar SmartGlass a 2012, Sony ya fito da PlayLink a 2017, duka biyun suka dushe. Waɗanda suka ɗore su ne irin wasannin Jackbox, inda jama'a ke zaune ɗaki ɗaya kowa na rubuta amsarsa a ɓoye a wayarsa, talabijin ta tona daga baya. Sirri ne dai har yanzu, tsakanin mutanen da ke ganin fuskar juna. Kuma a nan ne lamarin ya karkace. A ƙasashen da ake tsara waɗannan na'urori, yawancin masu ƙwallo sun koma buga wasa ta intanet, kowa a ɗakinsa da talabijin ɗinsa, babu mai leƙen hannun wani, don haka kamfanoni ba su ga dalilin wahalar da kansu ba. Masu bukatar abin su ne masu zama benci ɗaya a Parakou da Djougou da Maraɗi da Kano, kuma ba da su ake shawara ba in ana zana wasa. Da kamfanin EA ko Konami za su sa a wasanninsu na ƙwallo cewa in an zo fenariti kowa ya zaɓi kusurwarsa a wayar da ke aljihunsa, ba tare da bukatar intanet ba, da masu gidajen gem na Kpébié sun karɓe shi tun makon farko.