Ƙafarka Aka Canza Ko Wayar?

A wannan karon ina so ne in yi tsokaci a kan wani abu da a ido ƙarami ne, amma ni ya kusa kwantar da ni, wato manhajojin nan na waya masu ƙirga mana taku.

Shekara huɗu ke nan da likita ya auna ni ya ce ina da hawan jini, ya rubuta magani, ya kuma ɗora mini tafiyar ƙasa kullum. Ɗana ne ya sa mini wata manhaja a waya. Da na idar da sallar asuba sai in fita daga gida nan Jega, in miƙe har gada, in ga gulbi, in juyo. Ita kuwa baiwar Allah ba ta da surutu, lamba ɗaya take nuna mini, ko da data ko babu. In lambar ta cika in ji daɗi, in ba ta cika ba in ƙarasa bayan la'asar.

Kwatsam rannan sai ga saƙo, wai masu ita sun rufe ta, mu koma wata. Na koma ɗin, amma lissafin tafiyata na shekara uku da wani abu bai biyo ni ba. Sai na ji kamar ɗan kasuwar da aka ƙone masa littafin bashi.

Ashe abin ba a kaina aka fara ba. Akwai wata mai suna Endomondo da aka ƙirƙira a Denmak, kamfanin Under Armour na Amurka ya saye ta a 2015, ya rufe ta a ƙarshen 2020, ya ce jama'a su koma MapMyRun. Haka Google ya kammala sayen Fitbit a 2021, a watan Maris na 2023 aka cire gasar takun da abokai ke yi a tsakaninsu. Mai abu da abinsa, in ya ga babu riba sai ya naɗe tabarmarsa, ba ruwansa da wani mai hawan jini a Jega.

To bari in faɗi laifin sabuwar da aka tura ni. Na farko, sai ka buɗe asusu, kuma rabin abin da ke cikinta ba ya buɗuwa sai da data. Na biyu, ta sauya mini mudu ba shawara. Na saba da taku, ita kuwa maki take bayarwa, da zane-zane masu launi, har mutum ya rasa gane ko ya yi ƙoƙari ko bai yi ba. Na uku, ba ta san mu ba. Ranar da na hau kabu-kabu zuwa ta'aziyya a wani ƙauye bayan Maiyama, jijjigar hanya ta ƙirga, ta aiko mini da barka wai na yi bajinta. Amma manomin albasa na Aliero, wanda zai wuni duƙe yana ban ruwa gumi na zuba, wayarsa na rataye a reshe, a wurinta malalaci ne. Gaskiya dai tsohuwar ma tana da wannan makantar, so ne ya hana ni gani.

Kada kuma in zalunce ta, domin kuwa ta fi tsohuwar a wuri guda, tana duba saurin tafiya da mintocin da aka yi. Wannan ya fi kusa da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako yana motsa jiki matsakaici. Shi kuwa taku 10,000 ɗin da na riƙe kamar farilla, asalinsa sunan wata na'urar ƙirga taku ce da wani kamfani ya fitar a Japan a 1965. Wani bincike na jami'ar Harvard a 2019 a kan mata tsofaffi ya nuna cewa amfanin yana bayyana tun daga wajen taku 4,400 a rana, ya daidaita a wajen 7,500.

Sai dai babban laifin nawa ne, sabo turken wawa. Don haushi na daina fita har mako uku. Ciwon kai ya dawo, da aka auna ni jinin ya hau. A haka na je Aliero gaida wani kawuna, na zauna ina ta kai masa ƙarar waya. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Ɗana, mi ya hana ka tahiya? Ƙahwarka anka canza ko wayar? Mu da munka tashi muna kai albasa Jega bisa jakkai, wa ya ƙidaya muna sawu?"

Na ce, "Kawu, ai lissafin nawa ne duk ya ɓace."

Ya ce, "Lissahi shina jikinka, tunda ga ka zaune ba kwance ba."

Wallahi kunya ta kama ni. A nan na gane cewa da farko don lafiya nake tafiya, daga baya na koma yi don lamba. Lambar kuwa a rumbun wani take, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Yanzu ban goge sabuwar ba, ina duba ta kamar yadda ake duba agogo, ba kamar yadda yaro ke duban malami ba. Awona ya koma gada, in na je na dawo cikin sauri har numfashi ya ɗan ɗaga, to na yi. Na sayi ɗan littafi irin na 'yan firamare, kullum in ja layi ɗaya, ranar awo in rubuta abin da jinin ya nuna. Shi nake kai wa likita, kuma babu kamfanin da zai aiko mini saƙo ya ce ya rufe shi.

Ɗan'uwa, in taka manhajar ta canza, ka yi ƙorafinka, haƙƙinka ne. Amma gobe da asuba ka sa takalminka ka fita. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.